Magajin garin tsibirin Bjørnøya da gubar da ke jira a cikin kitsensa

A shekarar 1972 wasu masu bincike guda biyu daga Birtaniya, Bogan da Bourne, suka fitar da sakamakon awon da suka yi wa tsuntsayen teku na arewacin Atilantika. A cikin tsuntsayen da suka auna akwai wani, irin wanda ake kira magajin gari, da aka tsinta a tsibirin Bjørnøya yana ta jijjiga kamar mai farfadiya, da aka duba jikinsa sai aka tarar da sinadarin PCB, wani mai da ake durawa a taransifoma, jibge a ciki. Abin da ya daure wa mutane kai shine wurin da aka same shi. Tsibiri ne a yammacin tekun Barents, wajen kilomita 400 arewa da gabar kasar Nowe, babu masana'anta ko daya, babu gona balle a ce feshi ake yi, mutanen da ke zaune a kansa ma yan tsiraru ne masu aiki a tashar duba yanayi. To ina tsuntsu ya samo man taransifoma a irin wannan wuri? Ruwa dai baya tsami banza, kuma tun daga lokacin har yau sama da shekara 50 kenan ana bin sawun wannan magana.

Wurin da tsuntsun

Bjørnøya na cikin yankin Svalbard ne da ke karkashin Nowe, fadinsa murabba'in kilomita 178. Wani matukin jirgin ruwa dan Holan, Willem Barentsz, shi ya iso wurin a 1596, kuma sunan ya samo asali ne daga farin beyar da suka gamu da shi a can, ma'anar sunan kenan, tsibirin beya. An taba hakar kwal a wurin daga 1916 zuwa 1925 aka watsar, a 2002 kuma aka mayar da shi kebabben wuri na kare halittu. Hazo baya rabuwa da shi, da rani rana sai ta yi wata uku bata fadi ba, da hunturu kuma ta yi kusan haka bata fito ba. Arewacinsa shimfidadde ne cike da kananan tafkuna, kudancinsa kuwa duwatsu ne tsaye kyam a kan teku, wasu sun kai mita 400, kuma a jikin wadannan duwatsun ne dubban daruruwan tsuntsaye ke zuwa yin kwai duk shekara.

Shi wanda muke magana a kansa yan Nowe na ce masa polarmåke, sunansa na kimiyya Larus hyperboreus. Katon tsuntsu ne fari mai toka-toka a baya, bakinsa rawaya da dan digon ja, in ya bude fukafukai sai su kai mita daya da rabi. Mutanen Holan kuwa sunan da suka sa masa shine burgemeester, wato magajin gari, kuma gaskiya sunan ya dace dashi don haka zan rika kiransa kenan. Zama yake a saman dutse yana kallon kowa a kasa, babu abin da ya fi karfin bakinsa, kifi ne, kaguwa ce, mushe ne, kwan wasu tsuntsaye, yan tsakinsu, kai har manyan ma in ya samu sarari hadiyewa yake. Wannan sarautar ita ce ta ja masa.

Abin da ke cikin jikinsa

PCB wani irin mai ne da aka fara sarrafawa don kasuwa a 1929, baya kamawa da wuta da sauki, baya rubewa, baya daukar lantarki, shi yasa aka rika dura shi a taransifoma da kafasita, aka sa shi a fenti da abin like tagogi. Kamfanin Monsanto na Amurka ya sayar da shi da sunan Aroclor, Jamus da Faransa da Japan da Tarayyar Sobiyet duk sun yi nasu, kiyasin da aka yi shine an samar da wajen tan miliyan 1.3 a duniya kafin masana'anta ta karshe a Rasha ta daina a 1993. Ba wanda ya san yana yawo a cikin halittu sai a 1966 da wani masanin sinadarai a Suwidin, Sören Jensen, yana neman DDT a jikin kifi da mikiya sai ya rika ganin wani bakon abu a na'urarsa da bai san ko menene ba. Amurka ta hana yinsa a 1979, Nowe ta hana sabon amfani dashi a 1980.

Bayan PCB akwai DDE, wato abin da maganin kwari na DDT ke komawa in ya shiga jiki, akwai HCB, maganin da ake sa wa irin shuka a da don kar ya yi funfuna, sai kuma oxychlordane wanda ke fitowa daga chlordane, maganin da aka dade ana zubawa a gindin gini don kashe gara. Ka rike sunan wannan na karshen, zai sake fitowa.

Abin da ya hada su duka shine halin da aka so su saboda shi, rashin lalacewa. Kuma basa son ruwa, kitse suke so. Wannan hali biyun su ne dukkan labarin.

Yadda suke isa can kuwa akwai ban mamaki amma ba wuyar ganewa. A kasashe masu dumi sinadarin na tashi sama kamar tururi daga kasa ko ruwa ko juji, iska ta dauke shi, in ya gamu da sanyi ya sauko, rani ya zo ya sake tashi ya kara gaba, haka dai yana tsalle kamar fara har ya isa inda sanyin ya kai baya iya tashi kuma, nan zai zauna. Frank Wania da Donald Mackay ne suka yi bayanin wannan sosai a shekarun 1990. Ga kuma igiyar ruwan Atilantika mai dumi da ke bi ta gabar Turai ta wuce har tekun Barents dauke da nata kason, ga manyan kogunan Rasha irin su Ob da Yenisei da ke zuba a tekun arewa. Kuma a sanyi irin na can komai a hankali yake rubewa, abin da dama baya rubewa kaga ai sai ya samu wurin zama.

A cikin ruwan tekun kansa abin dan kadan ne, in ba da na'ura mai karfi ba ba zaka ma gan shi ba. Amma kananan halittun ruwa su tsotsa su ajiye a kitse, kananan kifi su ci dubbansu, tsuntsu ya ci kifi dubbai a rayuwarsa kuma baya iya fitar da abin ta fitsari ko kashi yadda ya kamata sai dai ya taru, uwa ta zuba wani kaso a gwaiduwar kwanta, sannan magajin gari ya zo ya fasa kwan ya shanye. Bahaushe yace kowa ya ci zomo ya ci gudu, to wanda ya ci kwan nan ya ci duk abin da uwar kwan ta tara, da na kifin da ta ci, da na abin da kifin ya ci.

Unguwar sama da unguwar kasa

Daga 1997 ne aikin ya dauki wani salo. Masu bincike na Cibiyar Binciken Yankin Kankara ta Nowe da ke Tromsø da abokan aikinsu, mutane irin su Jan Ove Bustnes da Geir Wing Gabrielsen, suka ga cewa kashe tsuntsu a auna hantarsa baya gaya maka yadda gubar ke shafar rayuwarsa, don haka suka koma kama su da rai. Tarko ne na zare ake dana wa a bakin sheka, mutum ya koma nesa ya labe, in tsuntsun ya dawo ya kwanta kan kwai sai a danna abin sarrafawa daga nesa zaren ya rike masa kafa. A debi jini kadan daga jijiyar fiffike, a auna nauyinsa da tsawon baki da kai, a sa masa zobe mai harufa a kafa wanda za a iya karantawa da madubin hangen nesa, a sake shi. Daga nan sai zaman kallo, wa ya kwanta kan kwai awa nawa, wa ya kyankyashe, wa ya dawo badi wa bai dawo ba.

Abu na farko da ya fito, wanda ni ya fi burge ni, shine tsuntsaye iri daya a tsibiri daya amma nauyin gubarsu ya sha bamban saboda unguwar da suka zauna. Wadanda suka yi sheka a saman dutse kusa da dandazon sauran tsuntsaye, abincinsu kwai ne da yan tsaki, basa wahalar tafiya nesa, su ne kamar masu hannu da shuni. Wadanda ke kasa a bakin ruwa kuwa kifi suka fi ci, sai sun fita nema. Da aka auna jini sai ga na saman sun fi na kasan guba nesa ba kusa ba. Mataki daya kawai suka hau a tsanin ci, kwai maimakon kifi, shi kenan.

Sannan maza sun fi mata yawan guba a jini, dalili kuwa ita tamatar duk shekara tana sauke wani kaso a cikin kwai ukun da take yi. Sauki ne gare ta, amma dan tsakon tun kafin ya fasa bawo ya riga ya karbi gadonsa.

Yanzu ga inda gizo ke sakar. Yawancin tsuntsayen nan ba faduwa suke su mutu ba, in ka gansu lafiya kalau suke, suna tashi suna fada suna sata. Barnar a kananan abubuwa take. Wadanda PCB dinsu ya yi yawa an ga suna barin sheka ba kowa na lokaci mai tsawo, kuma a wurin da ko da rani sanyi ne, ga makwabcinka dan uwanka da shi ma barawon kwai ne, barin sheka na yan mintuna ba karamin abu bane. An samu zafin cikin shekar ma ya ragu a wurin iyayen da gubarsu ta fi yawa. A jikin maza an ga sinadarin makogwaro mai daidaita zafin jiki da kona abinci ya yi kasa. An ga gashin fiffiken dama da na hagu basa zuwa daidai a wadanda HCB dinsu ya yi sama. An ga garkuwar jiki ta yi rauni, Kjetil Sagerup da abokansa suka nuna a 2000 cewa tsutsar ciki ta fi yawa a hanjin wadanda gubarsu ta fi yawa. Sai kuma babbar magana, wadanda oxychlordane ya yi musu yawa sun fi rashin dawowa shekara mai zuwa, kuma tsuntsun da ke komawa wuri daya duk shekara in bai dawo ba kasan me ake nufi. Wani nazari na 2013 ya nuna akwai wata iyaka da in an haura ta ne mutuwar ke karuwa, kuma iyakar ba daya bace ga namiji da tamata.

Ga tsuntsu irin wannan mai tsawon rai, wanda sai ya shekara hudu ko biyar kafin ya fara kwai, rasa baligi daya ya fi rasa yan tsaki da yawa ciwo. Shekara ta lalace ba a kyankyashe ba, badi a sake. Amma uwar ta mutu, duk shekarun da suka rage mata sun tafi da ita.

Gawarwakin 2003 zuwa 2005

Akwai dai wadanda suka mutu a gaban ido. Tun 1989 an tsinci matattu a kudancin Svalbard da PCB mai yawa a jiki. Sannan tsakanin 2003 da 2005 aka tattara magajin gari 21 a Bjørnøya, wasu matattu wasu suna kan mutuwa, lokacin renon yan tsaki. Da yawansu sun rame kwarai, kitse ya kare, kuma gubar da aka samu a kwakwalwa da hantarsu ta wuce duk misali in aka kwatanta da na masu lafiya.

Nan ne mutum zai gane wayon wannan guba. Muddin tsuntsu na da kiba, sinadarin na kulle a cikin kitse kamar kudi a asusu, bai cika damunsa ba. Ranar da abinci ya yi wuya, ko wahalar kwanci da ciyar da yara ta sa ya fara kona kitsensa, asusun ya fashe, abin da ya tara shekara da shekaru ya kwararo cikin jini lokaci guda, kuma gabar da ta rage mai maiko a jiki ita ce kwakwalwa, can zai nufa. Shi yasa ake ganin jijjiga da tangadi. Tambayar da har yanzu ake ja a kanta ita ce wanne ya fara, yunwa ce ta saki gubar ko gubar ce ta hana shi neman abinci har ya rame. Ni a ganina tambayar ma bata da amsa daya, kowanne na tura dayan ne.

Maganin tsutsa

Duk wadannan da na lissafa, mai gardama zai iya cewa ai haduwa ce kawai, wata kila tsofaffin tsuntsaye ne ke da guba da yawa kuma dama tsufa ne ke kayar dasu. Shi yasa gwajin da Bustnes da abokansa suka wallafa a 2006 ya fi sauran nauyi a wurina. Kama tsuntsaye suka yi lokacin kwanci, wasu aka basu maganin tsutsar ciki wasu aka basu abin da ba magani ba, aka sake su duka, ba wanda aka rage wa guba ko digo daya. A cikin mazan da basu sha magani ba abin da aka saba gani ne ya faru, mai guba da yawa shekarsa ta fi lalacewa. A cikin wadanda suka sha magani kuwa wannan bambanci sai ya bace, mai guba da yawa ya yi renonsa kamar kowa.

Ka dan tsaya ka duba wannan. Gubar na nan a jikinsa yadda take, amma da aka dauke masa nauyin tsutsa sai ya iya daukar nauyin gubar. Ma'ana tsuntsun na iya jure kaya daya, biyun ne ke karya shi. Duk wanda ya taba kiwo ya san wannan ba sai an gaya masa ba, tunkiyar da ta shiga rani da tsutsa a ciki ita ke fara kwanciya, alhali ciyawa daya suka rasa da sauran.

Shin gubar ce ta cinye su?

Lissafi dai ga shi. A 1986 an kirga wajen sheka 2,000 na magajin gari a tsibirin, a 2006 saura wajen 650, raguwar wajen kashi biyu cikin uku a shekara 20. Amma kar a yi saurin yanke hukunci, don a daidai wannan lokacin tsibirin ya ga wasu masifun. A hunturun 1986 zuwa 1987 wani karamin kifi da yan Nowe ke kira lodde, wanda kusan kowa a tekun Barents ya dogara dashi, ya yi karanci matuka, tsuntsun nan mai nutso da ake kira lomvi wanda kwansa na cikin abincin magajin gari ya fado daga wajen sheka 245,000 zuwa 36,000 a shekara daya tak. Ga dilar kankara da ke cin kwai da yan tsaki. Ga wani dan fashin tsuntsu, storjo, da ya fara sheka a tsibirin a 1970 ya yi ta yaduwa yana gasa dashi. Ga ruwan tekun da ke kara dumi. Masu binciken kansu basu ce guba kadai bace, kuma bayan gwajin maganin tsutsa ai neman mai laifi guda daya ma bata lokaci ne, don aikinta kenan ta sa kowace wahala ta fi yadda ya kamata zafi.

Tafkin da kashin tsuntsu ya gurbata

Wani reshe na labarin da ba a zata ba. A kudancin tsibirin akwai tafki mai suna Ellasjøen, an auna kifin cikinsa a shekarun 1990 aka ga PCB din da ke jikinsa na cikin mafi yawa da aka taba gani a ruwan dadi na yankin kankara, alhali wani tafkin, Øyangen, da ke yan kilomitoci a arewa nasa kadan ne. Sama daya, dusar kankara daya. Anita Evenset da tawagarta suka bi diddigi, a 2007 suka fitar da amsa, kashin tsuntsaye ne. Dubban tsuntsaye na kiwo a teku su dawo su yi wanka a tafkin su yi kashi a duwatsun da ke kewaye dashi, kiyasinsu wajen kashi 80 cikin dari na gubar da ke cikin tafkin ta wannan hanya ta zo, kuma hanyar ta ninka ta iska wajen sau 30. Wato tsuntsayen da aka cuta su ma sun zama yan dako, suna kwaso gubar da ta watsu a fadin teku suna tarawa a wuri guda.

Abin da aka yi a kai

Sakamako irin wannan, da kuma gano a karshen shekarun 1980 cewa nonon matan Inuit na arewacin Kanada na dauke da PCB fiye da na matan biranen kudu, su suka taimaka aka kai ga yarjejeniyar Stockholm, aka amince da ita ranar 22 ga Mayu 2001 ta fara aiki 17 ga Mayu 2004. Sinadarai 12 aka fara da su, PCB da DDT da chlordane da HCB duk suna ciki, sai dai an bar kofa ga DDT don yaki da sauron zazzabin cizon sauro. Amurka ta sa hannu amma har yau majalisarta bata tabbatar ba. Najeriya da Nijar suna ciki, kuma abin ya shafe mu kai tsaye, don tsofaffin taransifomomi na zamanin da na iya kunsar wannan mai, yarjejeniyar ta ce a daina amfani da irinsu zuwa 2025 a kuma kawar da man yadda ya dace zuwa 2028. Lindane ma, wanda mutanenmu suka sani da gamalin har wasu ke zubawa a ruwa don kama kifi, an sa shi a jerin a 2009.

Hanin ya yi aiki, wannan ba gardama, awon da ake yi a kwan tsuntsayen arewa na nuna PCB da DDE sun ragu sosai daga yadda suke a shekarun 1970 da 1980, duk da cewa saukar ta yi ta jan kafa daga baya. Sai dai tsugune bata kare ba, don da aka sake duba jini da kwan magajin gari a shekarun 2000 sai ga sabbin baki, sinadaran hana kamawar wuta na PBDE da ake sawa a katifa da kujeru da kayan lantarki, da kuma dangin PFAS na kumfar kashe gobara da rigunan da ruwa baya jikawa. Su wadannan na karshen ba ma kitse suke bi ba, a jini da hanta suke makalewa. Daga dangin PFAS din an sa PFOS a jerin yarjejeniyar a 2009, PFOA a 2019, PFHxS a 2022, dangin kuwa dubbai ne kuma daya bayan daya ake bin su. Duk rani in kankara ta saki, masu aikin na sauka a kudancin tsibirin da madubin hangen nesa su hau dutse suna karanta harufan zobba, suna duba wa ya dawo.